Kuɗin Gwaji Na Shiga, Na Bincike Ba Ya Fita: A Ware Wa Sashen Gano Cututtuka Kasonsa A Asibitocin Tarayya

A kowane asibitin koyarwa da kowace cibiyar lafiya ta gwamnatin tarayya akwai wani sashe da galibin majinyata ba su taɓa ganin fuskar likitocinsa ba, alhali abin da waɗannan likitoci suka rubuta a takarda shi ne ke yanke hukuncin ko za a cire wa mace mama, ko za a ɗora yaro a kan maganin sankara na watanni, ko kuwa a sallami mutum ya koma gida hankalinsa a kwance. Wannan shi ne sashen gano cututtuka, wanda a bakin likitoci ake kira fatoloji. Rassansa huɗu ne a tsarin asibitocin Najeriya: masu duba tsokar da aka yanko daga jiki da binciken gawa, masu nazarin jini da ƙarin jini, masu auna sinadaran jiki irin su sukari da aikin ƙoda da na hanta, sai kuma masu farautar ƙwayoyin cuta.

Sashen yana cikin manyan ƙofofin da kuɗin shiga ke biyowa zuwa asibiti, tare da sashen magunguna da na ɗaukar hoto. Da wuya mutum ya ga likita ya fito ba a rubuta masa gwaji ba, kuma ba a ɗibar jininsa sai ya nuna rasit ko takardar inshora. Amma idan likita ko masanin ɗakin gwaji a wannan sashe ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai, ya so ya bi diddiginsa, to a mafi yawan asibitoci babu wata taga sananniya da zai je ya nemi ko da naira dubu ɗari biyar ya sayi sinadarai. Akwai asibitocin da kan taɓuka wani abu jefi-jefi, sai dai abin ya dogara ga ra'ayin wanda ke kan kujerar babban darakta. Ya tafi, shirin ya bi shi.

Dokar 1985 da ta sake tsara hukumomin gudanarwar asibitocin koyarwa ta ɗora musu kula da marasa lafiya da horas da ma'aikata da kuma samar da yanayin bincike. Biyun farko suna da albashi da ofis da wanda za a tuhuma idan sun lalace. Na ukun ya zama maraya. Matsayin wannan jarida shi ne, lokaci ya yi da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya za ta umarci asibitocinta su riƙa cire wani ɗan kaso tsayayye daga kuɗin gwaje-gwajen da suke karɓa, su zuba shi a asusu na musamman, a riƙa raba shi ta hanyar gasa a fili ga ma'aikatan sashen da ke kawo kuɗin.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka zancen bincike zancen ƙarin girma ne na farfesoshi. Labarin sankarar mama ya isa ya gyara wannan zato.

Idan aka cire ƙari daga maman mace, ba a tsayawa kan cewa sankara ce. Ana yin wani gwaji na biyu a kan tsokar don a ga ko ciwon yana girma ne da taimakon sinadarin mata na estirojin. Idan haka ne, akwai ƙwayar tamoksifen, mai sauƙin kuɗi, wadda idan an sha ta shekara biyar take rage mutuwa daga wannan ciwo da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2008 wata tawaga a Ibadan ƙarƙashin Farfesa Clement Adebamowo ta wallafa sakamakon gwajin samfura 192, ta samu kusan kashi 65 cikin ɗari suna da wannan alama. A 2009 wata tawagar, wadda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ke cikinta, ta duba samfura 507 daga Najeriya da Senegal, ta samu kashi 24 kacal. Tazarar ta yi yawa ƙwarai ga matan yanki ɗaya.

Masana sun kawo dalilai da dama, amma wanda ya fi shafar asibiti kai-tsaye shi ne yadda ake adana tsokar tun daga ɗakin tiyata. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce a tsoma ta cikin ruwan fomalin da aka daidaita ƙarfinsa kafin cikar awa ɗaya da yanko ta, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Idan aka bar ta a faranti har aka gama aiki, ko aka jefa ƙaton ƙari a ƙaramar roba ba a tsaga shi ba, ko aka tsinka fomalin ɗin da ruwan famfo don ya yi auki, ko aka miƙa wa ɗan'uwan majinyaciya robar ya yi kwana biyar yana neman kuɗin gwaji da na mota, to alamar kan dushe. Sai sakamako ya fito cewa babu, alhali akwai. Wani nazari da ya tattaro binciken ƙasashen Afirka da dama a 2014 ya nuna cewa inda aka yi aiki da tsofaffin samfuran da aka ciro daga ma'aji, adadin masu alamar kan fito ƙasa da inda aka tattara sababbi cikin kulawa.

Ma'anar wannan ga matar da ke kwance a Gwagwalada ko Zariya ko Maiduguri ita ce, kuskuren roba da fomalin zai iya hana ta maganin da ya fi kowanne sauƙi, ya bar ta da mai tsada da wahala kaɗai. Kuma babu wata jami'ar Turai da za ta iya gaya wa wani asibiti ko nasa fomalin na ƙwarai ne, ko awa nawa tsoka ke yi tsakanin ɗakin tiyatarsa da ɗakin gwajinsa. Sai ma'aikatansa sun zauna sun rubuta lokacin yanka da lokacin tsomawa na samfura ɗari biyu, sun auna ruwan da ake sayo musu, sun maimaita gwajin a kan wasu, sun kwatanta. Aiki ne na shekara ɗaya da kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba. Babu mai bayar da tallafi daga waje da zai kula shi, domin babu sabon ilimi a cikinsa da duniya ke jira. Amfaninsa na matan da ke zuwa wannan asibiti ne.

Irin waɗannan tambayoyi sun cika sauran rassan uku. Iyakokin da ake bugawa a gefen takardar sakamako, masu nuna abin da ake ɗauka lafiya ne, galibi an kwafo su ne daga takardar kamfanin da ya ƙera na'urar ko daga littafin da aka rubuta bisa jinin Turawa. Sanannen abu ne cewa mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da wani gado a jininsu da ke sa adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya zauna ƙasa da na Bature ba tare da wata cuta ba. Idan aka auna su da ma'aunin waje, za a iya ɗage wa mai sankara allurar da lokacinta ya yi, da sunan jininsa ya yi ƙasa. Haka gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata uku: wasu hanyoyin yin sa kan rikice a jinin mai ɗauke da gadon sikila, wanda a ƙasar nan kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu. Kowane ɗakin gwaji na bukatar ya tabbatar da hanyar da yake amfani da ita a kan jinin mutanensa.

A fannin ƙwayoyin cuta lamarin ya fi gaggawa. Babban nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Makamin farko na kowane asibiti shi ne jadawalin shekara-shekara da ke nuna wane magani ne har yanzu yake kashe wace ƙwaya a ɗakunan kwanciyarsa, domin likitan da aka kawo wa jariri da zazzaɓi da tsakar dare ba zai jira kwana uku sakamako ya fito ba. Bayanan suna nan a littattafan ɗakin gwaji. Abin da ya rage shi ne wanda zai tattara su, da kwamfuta, da ɗan abin sake gwada waɗanda ake shakka.

Tarihin ƙasar nan ya riga ya nuna abin da irin wannan sashe zai iya. A 1960, shekara uku da buɗe Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa George Edington ya kafa rajistar masu sankara a sashen gano cututtuka na can, kuma tana aiki har yau. Daga ita da 'yan tsirarun irinta, kamar na Abuja da Kalaba, hukumar binciken sankara ta duniya ke ƙiyasta alƙaluman ƙasar baki ɗaya, waɗanda a 2022 suka kai sababbin masu ciwo sama da 127,000 da mace-mace kusan 80,000. A Ibadan ɗin ne kuma a 1963 aka raya ƙwayoyin sankarar wani yaro ɗan Najeriya a cikin kwalba, suka ci gaba da hayayyafa, ana kiran su Raji, kuma ɗakunan gwaji a duniya suna aiki da zuriyarsu har gobe.

Ciwon da ya kama wannan yaro shi ne wanda Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana a 1958. Kuɗin farko da Burkitt ya samu don bin diddigin ciwon fam 25 ne, da su ya buga takardu masu hotuna ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka yana tambayar wa ya taɓa ganin irinsa. Masanan gano cututtuka na Makerere ne suka tantance nau'in sankarar, daga samfuran Uganda kuma aka gano a 1964 ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankarar ɗan'adam. A Ostireliya, Robin Warren, likitan duba tsoka a asibitin birnin Perth, ya lura a 1979 da wasu ƙwayoyi a tsokar cikin majinyata. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, da horonsa ya wajabta masa yin ɗan bincike, ya haɗu da shi. Sun bi majinyata ɗari da kayan aikin asibitinsu, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Ba kowane ƙaramin tallafi ne zai haifi irin wannan ba, kuma ba don haka ake neman sa ba. Abin lura kawai shi ne, manyan masu bayar da kuɗi ba sa zuwa sai sun ga sakamakon farko, sakamakon farko kuwa a gida ake biyan kuɗinsa.

A yau wanda ke biyan wannan kuɗi shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin hali. Duk likita mai neman ƙwarewa sai ya gabatar da kundin bincike kafin Kwalejin Horas da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin, ko takwararta ta Afirka ta Yamma, ta amince da shi. A sashen gano cututtuka wannan na nufin sayen sinadaran da ba a yi a ƙasar nan, masu bukatar sanyi tun daga masana'anta har ɗakin gwaji. Kuɗin horon da dokar 2017 ta tanada ya fi tafiya ne ga jarrabawa da kwasa-kwasai, shi ɗin ma sau da yawa sai an kai ga yajin aiki kafin ya fito. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sinadarin da ake saye da dala ya ninka kuɗinsa fiye da sau uku, albashi kuwa bai ninka ba.

Sakamakon ana ganin sa a kan kantoci. Likitan da zai biya daga aljihunsa zai zaɓi abin da ba ya cin kuɗi, wato ya buɗe tsofaffin littattafan rajista ya ƙirga nau'o'in ƙarin da aka gani cikin shekara goma, irin wanda na gabansa ya yi, na gaban na gabansa ma ya yi. A buga a mujallar da ke karɓar kuɗi ba ta tantancewa, a samu maki na ƙarin girma, a rufe. Ba laifinsu ba ne. Idan rijiya ta bayar da ruwa, guga ya hana, ba a zargin mai ƙishirwa. Kuma waɗanda suka fi ƙwazo su ne suka fi saurin gajiya da wannan hali. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Sashen da dama can a ƙasashen kudu da Sahara ake lissafa ƙwararrensa kusan ɗaya ga mutum miliyan ɗaya, tafiyar mutum biyu ta isa ta gurgunta shi.

Za a ce ai akwai TETFund. Akwai, amma dokarsa ta 2011 ta ambaci jami'o'i ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, asibitocin kuwa na Ma'aikatar Lafiya ne. Malamin jami'a da ke aiki a asibitin koyarwa a matsayin babban likita zai iya nema ta hannun jami'arsa, duk da cewa tallafin cikin gida na asusun, wanda aka daɗe da ƙayyade shi a kan naira miliyan 2, bai wuce dala 1,300 da ɗoriya ba a farashin 2024. Babban likitan da asibiti ne ya ɗauke shi aiki, da likita mai neman ƙwarewa, da masanin ɗakin gwaji, da duk ma'aikatan cibiyoyin lafiya na tarayya da ba su da jami'a a bayansu, waɗannan suna waje. Cibiyar Binciken Lafiya ta Yaba da sabuwar cibiyar binciken sankara da ta fara aiki a 2023 suna da nasu nauyin, ba za su iya bin kowane ɗakin tiyata suna duba robar fomalin ba.

Tallafin waje kuwa ya yi amfani, babu mai musu. Ɗakin gwajin Legas da ya tabbatar da Ebola a 2014 da korona a watan Fabrairun 2020, da cibiyar zazzaɓin Lassa ta Irrua, duk sun ƙaru da haɗin gwiwar ƙetare. Sai dai mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, kuma tambayoyinsa sun fi karkata ga cututtukan da ke tsallaka iyaka. Ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewayenta shekara da shekaru ba ya hawa jirgi. Ranar 20 ga Janairun 2025 kuma, sa hannu ɗaya a Washington ya dakatar da tallafin Amurka, kafin tsakiyar shekarar an rufe hukumar USAID. Wanda ke cin tuwo da miyar maƙwabci ya ga abin da ke faruwa ranar da maƙwabcin ya rufe ƙofa.

Ma'aunin da za a ɗauka ba sabo ba ne. Tun 1990 wani kwamitin duniya kan binciken lafiya ya ba ƙasashe masu tasowa shawarar su ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na abin da suke kashewa a harkar lafiya don bincike, ministocin lafiya kuma suka sake jaddada haka a Bamako a 2008. Ƙasar da ba ta taɓa cika alƙawarin Abuja na 2001 na ba lafiya kashi 15 na kasafi ba, ba a sa ran ta cika wannan a gobe. Amma asibiti ɗaya zai iya cika shi a cikin gidansa. A ɗauki misali kawai: sashen da ke kawo naira miliyan 50 a wata, kashi 2 nasa miliyan ɗaya ne, miliyan 12 a shekara. Wannan ya isa ayyuka biyar ko shida irin na fomalin da jadawalin magunguna.

Shugabannin asibitoci za su ce ba su da rarar ko sisi, kuma maganarsu tana da nauyi. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a watan Afrilun 2024, kuɗin lantarki da na dizal ke cinye abin da aka tara, har Asibitin Koyarwa na Ibadan ya shafe fiye da kwana ɗari babu wutar kamfani saboda bashi. Wanda ke tunanin yadda injin wankin ƙoda zai kwana yana aiki ba zai saurari zancen bincike da daɗin rai ba. Amma kashi 2 na kuɗin gwaji ba zai biya ko kuɗin wutar mako ɗaya ba, don haka hana shi ba ya kunna fitila. Gwajin da aka maimaita saboda an lalata samfuri, da magani mai tsada da aka ba wanda ƙwayarsa ba ta jin sa, da kwanakin da majinyaci ya ƙara a gado, duk asara ce da ke fita daga aljihun asibiti da na talaka, ba a dai rubuta ta a littafin akanta. Sharaɗi guda ne ba za a sassauta ba, kada a ƙara ko kwabo a kan kuɗin gwaji da sunan wannan asusu. Daga cikin abin da ake karɓa yanzu za a cire.

Tsoron da ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda duk ma'aikacin gwamnati ya sani ba sai an faɗa masa ba, wato asusun ya koma kuɗin bita a otal da alawus ɗin zaman kwamiti da tikitin taron ƙasar waje na manya. Maganinsa a rubuce yake, tun kafin naira ta farko ta shiga. A haramta kashe kuɗin a kan tafiya da bita da alawus, a taƙaita shi ga sinadarai da kayan aiki da ladan masu tattara bayanai. A riƙa sanar da neman buƙatu sau biyu a shekara a kan allo da shafin asibiti, a cire sunayen masu nema kafin a miƙa wa masu tantancewa, a sa aƙalla mutum ɗaya daga wani asibitin daban a cikinsu, kuma ɗan kwamiti ba ya nema muddin yana kan kujera. Wanda ya karɓa bai kawo rahoto da rasit ba cikin wata goma sha takwas, a bi shi kamar yadda ake bin duk wanda bai sauke kuɗin da aka ba shi na aiki ba. Rahoton da ya ce an gwada ba a samu komai ba, shi ma rahoto ne, a karɓe shi, domin inda ake biyan sakamako mai daɗi kaɗai, can ake koyon ƙirƙirar sa. Kowane aiki kuma ya ƙare a gaban kwamitin ba da shawara kan harkokin jinya na asibitin, a ce ga abin da aka gano, ga abin da za a sauya daga ranar Litinin.

Akwai wata ƙaya da ba za a tsallake ba. Rikicin da ke tsakanin likitocin gano cututtuka da masana kimiyyar ɗakin gwaji kan wa ke shugabantar ɗakin ya daɗe, ya je kotuna, ya raba wasu sassa gida biyu. Asusun da aka damƙa wa ɓangare ɗaya zai zama sabon fagen fama tun ranar farko. A buɗe shi ga kowa, a kuma fifita buƙatar da ta haɗa likita da masanin ɗakin gwaji da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin tiyata, tunda tsokar da ake magana a kanta ta hannun su ukun take bi. Inda kuma aka shigo da 'yan kasuwa ko masu zuba jari su gudanar da ɗakin gwaji, kamar cibiyoyin da Hukumar Zuba Jari ta Ƙasa ta gina a Kano da Umuahia, ya kamata kowace sabuwar yarjejeniya ta ƙunshi wannan kaso, ta kuma bayyana wa ke da ikon samfura da bayanan majinyata.

Batun samfuran yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Kowace tsoka da aka duba ana daskarar da ita a cikin ɗan dunƙulen kaki a ajiye, kuma tsofaffin asibitoci suna da dubban ɗaruruwan irin waɗannan, na shekaru aru-aru a ma'aunin rayuwar asibiti, wasu a ɗakunan da zafi ke narkar da su, ɓera da gara na yi musu ɓarna. Dukiya ce da ba a sayen irinta da kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa duk cibiyar da ke bincike ta kasance da kwamitin ɗa'a ko ta jingina da wani, ƙa'idojin ɗa'ar bincike na ƙasa kuma sun hana fitar da samfuri waje sai da yarjejeniya a rubuce. Asibitin da ke da ɗan kuɗin nazarin abin da ya ajiye shi ne ke zama a teburin irin wannan yarjejeniya da ƙarfin cewa a'a. Fanka da kanta da kwamfutar rajista ga ma'ajin su ma sun cancanci shiga cikin abin da asusun zai fara saye.

Saura ɓangaren da ke hannun masu karanta wannan shafi a sakatariyar tarayya. Tun da aka tilasta Asusun Bai-ɗaya a watan Satumban 2015, babu shugaban asibitin da zai ware kuɗin shiga gefe ba tare da tsoron tambayar Odita Janar ba, kuma binciken da ya fara a watan Oktoba ba ya ƙarewa ranar 31 ga Disamba don kawai an rufe littafi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince a cire tallafin binciken da jami'o'i da cibiyoyin bincike na tarayya ke samu daga waje daga wannan asusu, abin da ke nuna gwamnati ta gane kuɗin bincike ba ya tafiya da kalandar baitulmali. A nan ma ba a bukatar fita daga asusun. Asibitoci sun saba da asusun juya kuɗin magani tun bayan shirin Bamako na 1987, akantocinsu sun san yadda ake riƙe shi. Abin da ake nema shi ne ƙaramin asusu irin wannan a cikin Asusun Bai-ɗaya, mai lambarsa, wanda ragowarsa ke tsallakawa zuwa shekara mai zuwa.

Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko zaman majalisa. Takardar umarni ce daga babban sakataren Ma'aikatar Lafiya zuwa ga manyan daraktocin asibitoci, da amincewar Akanta Janar a rubuce, da ƙudurin hukumar gudanarwar kowane asibiti. Za a iya farawa da asibiti ɗaya a kowace shiyya cikin shida na tsawon shekara biyu, a wajabta musu su buga abin da ya shiga da wanda ya karɓa da abin da ya gano, sannan kwamitocin lafiya na majalisun biyu su nemi wannan rahoto duk lokacin da daraktocin suka zo kare kasafinsu.